Yadda ake sarrafa tafasa, ta ci da ta magani

Da zarar ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli haka, duk wani kango da makiyaya da gefen hanya zaki ga sun yi kore shar, to yawancin koren nan tafasa ce. Ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya zuba mata taki, awaki ma wuce ta suke yi saboda warinta sai in ta bushe suke ɗan taɓawa. Shi yasa wasu ke raina ta suna cewa abincin yunwa ce, alhali wlh in ta samu hannun da ya iya, kwaɗonta ba ya jin kunyar zama kusa da na zogale. Abu ɗaya dai nake so a riƙe tun daga farko, ganyen tafasa abinci ne ki ci ki ƙoshi ki ba yara, amma 'ya'yanta da ruwan da aka dafa ta mai kauri wannan kuma magani ne, ba'a yi musu cin tuwo.

Kafin a kai ga tukunya sai an san ta tukuna, don tana da 'yar uwa da suke fitowa wuri ɗaya, wato rai ɗore, wasu garuruwan suce sanga-sanga. Mutanen ƙauye dariya zasu yi in kace ana rikita su, amma yaran birni da ake aika su tsinko ganye suna haɗawa fa. Ganyen tafasa guda shida ne a kowane reshe, uku ta nan uku ta can suna kallon juna, bakinsu a zagaye yake kuma ya fi faɗi ta can ƙarshe, kusan kamar ganyen gyaɗa sai dai ya fi shi girma. Da magariba ta yi zaki ga ganyen sun rufe sun haɗe fuska da fuska sai gari ya waye su buɗe. Furenta rawaya ne, kwanson 'ya'yanta siriri ne dogo mai lanƙwasa, yakan kai tsawon tafin hannu har ya wuce. Ita kuwa rai ɗore ganyenta sun fi yawa, takwas ko goma a reshe ɗaya, bakinsu da tsini, koren ya fi duhu, jikinta da ɗan ja-ja, kwansonta kuma shafal yake mai faɗi, warinta ma ya fi ƙarfi. In kin ga tsini a bakin ganye kawai ki barshi. Masana tsirrai suna kiran tafasa Senna obtusifolia, rai ɗore kuma Senna occidentalis, gida ɗaya suka fito da filasko da sanamakin nan da ake sayarwa a shagunan maganin Musulunci, daga jin dangin kin san akwai maganar gudawa a ciki, zamu zo wajen.

Dalilin da yasa na tsaya a kan rai ɗore, a Indiya can yankin Saharanpur na jihar Uttar Pradesh an yi shekaru duk ƙarshen damina yara ƙanana suna kamuwa da wata cuta, amai, suma, hanta ta lalace, da yawa su rasu, ana ta zaton ƙwayar cuta ce mai taɓa ƙwaƙwalwa. Sai wajen 2007 likitocin yara suka gano ashe ɗanyen kwanson rai ɗore yaran ke tsinka suna ci a wajen wasa. To mu ma tana nan birjik a bayan gidajenmu, manya suna surace da ganyenta in zazzaɓi ya kama su, wannan daban, amma yaro kar ya tauna 'ya'yanta ko kaɗan, a ja musu kunne.

Sai maganar inda za'a tsinko. Da can ba'a damu ba, duk inda aka gani tsinka ake, yanzu kuwa zamanin feshi ne, manomi zai bi gefen gonarsa da maganin kashe ciyawa kuma ganyen baya nuna alama ranar da aka fesa, wani maganin sai bayan kwanaki zaki ga ya fara rawaya yana yaushi. Don haka gefen gonar da ba ki san mai ita ba ki haƙura, ko ki tambaya. Haka bakin kwalta inda hayaƙin mota da ƙura ke sauka, da kan juji, da bakin kwata, da lungun da kowa ya san me ake yi a cikinsa da asuba, tafasar wajen ta fi kowacce kyau da ƙiba kuwa, amma a'a. Ki nemi fili mai tsafta nesa da gidaje, in saye zaki yi ki saya wajen matan ƙauye da kika saba dasu, ki duba ganyen babu ɗigon rawaya ko ƙonewa a gefe.

Da safe ake tsinka kafin rana ta yi zafi. Kar a tumɓuke ta da saiwa, kan kawai zaki karya, wato tohon sama da ganye biyu uku na ƙasansa masu laushi, inda farce zai iya yankewa ba sai kin ja ba. In kika yi haka bayan sati ɗaya ko biyu zata sake toho ta gefe ki dawo ki ƙara. Wadda bata fara fure ba ita ce ta ci, da ta yi fure ta fara kwanso ganyen ya tsufa, ya yi tauri ya ƙara ɗaci, kuma shi ne mai saurin murɗa ciki. Kuma ki tsinko da yawa don tafasa akwai ƙanƙancewa, kwando guda in ya sha wuta da ƙyar ya cika kwanon sha.

In an zo gida a zauna a gyara, a cire sandunan da duk wani baƙon ganye da ya biyo, a zuba a babban baho a wanke da ɗan gishiri, ki riƙa tsamo ganyen daga sama kina canza ruwa har sai kin ga babu yashi a ƙasan bahon, kar ki tsiyaye ruwan ta kan ganyen don yashin zai koma ciki ne. Ba abin da ke ɓata kwaɗo irin ƙasa, mutum yana cikin jin daɗi ya ji ƙaras a haƙori, shikenan an gama.

Ki ɗora ruwa ya yi zafi sosai yana ɓararraka kafin ki zuba ganyen, kar ki haɗa su tun ruwan na sanyi. Ki barshi kamar minti goma a buɗe ba murfi don warin ya fita da tururi, sai ki tace ki zubar da wannan ruwan na farko, zaki ganshi ya yi duhu, shi ke ɗauke da ɗacin da mafi yawan abin da ke sa gudawa. Ki sake zuba wani ruwan zafin daidai wanda zai sha kanta da ɗan gishiri da yankakkiyar albasa, ki rufe ta ci gaba da dahuwa har sai kin murza ganye tsakanin yatsu kin ji ya mutu murus, ɗanyen toho baya wuce rabin awa gaba ɗaya, wadda ta ɗan manyanta ko busasshiya kan kai awa guda. Sai a juye a matsami ta huce, a dunƙula a matse ruwan da hannu biyu sosai.

Na san za'a ce ina kanwa. Eh iyayenmu suna jefa 'yar ungurnu don ta yi saurin laushi kuma koren ya tsaya, kuma tana aikin ba ƙarya, sai dai kanwa tana kashe wasu sinadaran bitamin na ganye, in ta yi yawa kuma ta maida miki shi taɓo mai santsi. Ni dai in toho ne ɗanye bana sawa, in tsohon ganye ne ake sa ɗan mitsitsi, shi ma a ruwan farko wanda za'a zubar.

To yanzu kwaɗo, wanda shi ne sarkin abin. Ki samu ƙuli-ƙuli mai kyau sabon suya, ki karya ɗaya ki shinshina, in kin ji warin tsohon mai ko kin ga fumfuna a jiki ki barshi don gyaɗa mai fumfuna illa ce ga hanta. A daka shi a turmi tare da busasshen barkono da 'yar citta da gishiri da magi, kar ya yi lukui kamar garin tuwo, a barshi da ɗan tsaki-tsaki yadda haƙori zai samu aiki. Ki warware matsattsiyar tafasar a roba mai faɗi ki yanka albasa siri-siri da tumatir mai ƙwari wanda bai yi ruwa ba, da attaruhu in gidan ana cin yaji, ki barbaɗa ƙulin. A nan mutane ke kuskure, suna jin tsoron ƙuli, sai kwaɗon ya fito baƙi yana ɗaci, ai tafasa ba zogale bace tana shan ƙuli sosai, in tafasar ta cika kwano biyu to ƙulin ya kusa kwano ɗaya. Wasu suna dama ƙulin da ɗan ruwan ɗumi tukuna ya yi kauri sannan su juye, wasu a bushe suke zubawa su bar damshin ganyen ya jiƙa shi, duk ɗaya ne amma na biyun ya fi jimawa bai saki ruwa ba. Sai man gyaɗa cokali biyu ko uku, wanda aka soya da albasa ya fi ƙamshi, a matsa rabin lemon tsami, a cakuɗa da hannu, hannu fa ba cokali ba, ana yi ana ɗan murzawa har kowane ganye ya ɗauki ƙuli ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Ki ɗanɗana, ki barshi minti biyar ya haɗa jikinsa. In ana so ya riƙe ciki a yayyafa wa garin kwaki ruwa ya ɗan yi laushi a haɗa. Kuma kwaɗo baya kwana, wanda aka yi da rana a cinye kafin dare.

Sauran hanyoyin basu da wani dogon bayani. Ana zuba dafaffiyar a cikin tsakin masara ko na shinkafa a turara dambu kamar yadda ake yi da zogale. Ana soya albasa da attaruhu a zuba ta a juya a fasa ƙwai uku ko huɗu a kai, yaran da basa son ganye ma suna ci a haka da burodi. Ana jefa ta a fate ko a cikin dafaffen wake. A arewacin Kamaru, su Marwa da Garwa, miya suke yi da ita sosai da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko wake a ci da tuwon dawa, can tasba suke ce mata, kuma ba'a kallonta a matsayin abincin talaka, miya ce kamar kowace miya.

Ganyen yana da sinadarin gina jiki fiye da yadda ake zato, da na ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi da wanda jiki ke juyawa ya zama bitamin A mai taimakon ido, kuma man gyaɗan nan da lemon tsamin ba don daɗi kaɗai bane, mai ne ke sa jiki ya iya ɗaukar bitamin A ɗin, tsamin kuma yana taimaka wa na ƙarin jinin ya shiga. Ki lura da lokacin da take fitowa, Yuli da Agusta, daidai sanda rumbu ya yi ƙasa sabon gero bai nuna ba. A yunwar 2005 a Nijar, yankunan Maraɗi da Damagaram, ganyayen daji irinsu tafasa da 'ya'yan anza ne suka riƙe gidaje da yawa kafin taimako ya iso. Sai dai ganye kaɗai baya ƙosar da yaro mai tasowa, dole a haɗa da hatsi da wake ko gyaɗa.

In kina so ki ci har rani sai ki shanya. Ki wanke ki tsane ta, ki baza a tabarma mai tsafta a inuwa inda iska ke wucewa, rumfa ko ɗakin da ba'a kwana, kar a rana tsaka don rana tana cinye koren ta bar miki ganye fari-fari mara amfani. A riƙa juyawa safe da yamma, da yake damina ce iska da danshi zata iya ɗaukar kwana uku zuwa biyar, alamar ta yi shi ne ki damƙa ki ji tana ƙaras-ƙaras tana karyewa. A zuba a buhu mai tsafta ko bokiti mai murfi a ɗora a sama kar ya taɓa ƙasa. Ranar da za'a dafa a jiƙa ta a ruwan ɗumi tukuna.

Mutanen Sudan da Chadi kuwa sun wuce mu a wannan fannin, 'yan uwanmu Hausawan can sun san kawal. Ɗanyen ganyen tafasa ake dakawa ya yi laushi, a danna shi a cikin tulun ƙasa, a rufe samansa da ganyen dawa a liƙe bakin da laka, a binne tulun a inuwa iya wuya. Duk bayan kwana uku a buɗe a juya da hannu a sake rufewa, bayan kamar sati biyu ya ruɓa ya yi baƙi sai a mulmula ƙanana a shanya a rana su bushe. In za'a yi miya a daka a zuba a madadin nama, don busasshen kawal sinadarin gina jikinsa yana kai kashi 20 cikin 100 ko fiye. Irin ƙwayar halittar da ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa ita ce babbar mai aiki a nan ma. Warinsa dai sai wanda ya saba, yana kama yatsu ya wuni, amma a Darfur ya ceci rayuka a yunwar 1984 zuwa 1985.

Toh bari mu zo kan magani, inda nake so a bi a hankali. Abin da kowa ya yarda dashi, na gargajiya da na asibiti, shi ne tafasa tana sakin ciki, saboda wasu sinadarai da ke cikinta da cikin su filasko masu motsa babban hanji. In babba ya kwana biyu bayan gida ya ƙi fita, abu na farko ya ci kwaɗon kansa ya sha ruwa sosai, sau da yawa wannan ma ya isa. In bai yi ba a dafa ganye cikin tafin hannu ɗaya a kofi biyu na ruwa minti goma, a tace a sha rabin kofi da dare, aikinsa sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu, don haka kar mutum ya ga shiru ya ƙara wani a kai, da asuba zai yi bayani. Kuma ba abin sha kullum bane, kar a wuce 'yan kwanaki, in aka maida shi shayi hanji yana sabawa ya daina aiki da kansa, ga murɗa ga zubar da gishirin jiki. Mai ciki kar ta sha, mai shayarwa kar ta sha, ƙananan yara a'a, mai ciwon ƙoda ko wanda ke kan maganin zuciya ko maganin sa fitsari shima a'a. Wanda cikinsa ya kumbura yana ciwo mai tsanani ko yana amai ko yaga jini, wannan ba na tafasa bane asibiti za'a nufa.

Na biyu shi ne makero da ƙyasfi. Tun da daɗewa a nan da Indiya ana amfani da ita a kan wannan, kuma gwajin da aka yi a ɗakunan bincike ya nuna tana hana wasu nau'in fumfunar fata yaɗuwa. A daka ɗanyen ganye ya yi laushi a ɗiga lemon tsami kaɗan, a wanke wajen da sabulu a tsane, a shafa har a ɗan zarce da'irar, a bari kamar rabin awa a wanke, safe da yamma. A fara gwadawa a ɗan wuri a hannu don wata fatar bata ɗauka, kuma kar a sa a kan buɗaɗɗen ciwo. In an yi sati biyu ba canji a je kemis ko asibiti a karɓi man shafawa, ba tsada gare shi ba. Amma makeron kai na yara, wanda gashi ke zubewa ya bar fari-fari, dan Allah kar a ɓata lokaci da shafe-shafe, cutar tana can cikin saiwar gashi inda abin shafawa baya kaiwa, sai maganin sha na makonni wanda likita zai rubuta, kuma a daina haɗa musu reza da mataji wajen aski.

Ido kuwa kar a kuskura. Akwai masu cewa a matsa ruwan ganyen a ido in ya yi ja, ruwan ganyen da aka tsinko a fili aka daka a turmin yaji, haba. Inda maganar ido ta samo asali shi ne a Sin da Koriya da Japan suna soya 'ya'yan tafasa su dafa su sha kamar shayi, a gargajiyarsu suna cewa yana wa ido kyau, sha suke ba ɗigawa ba. Haka masu tallan magani a mota da lasifika da ke cewa tana warkar da suga da hawan jini da basir da sanyi duk a ƙulli ɗaya, yawancin binciken da ake jingina wa a kan ɓeraye aka yi shi, mai suga ko hawan jini ya ci kwaɗonsa lafiya lau amma kar ya ajiye maganin asibiti.

In kina son gwada shayin 'ya'yan, ki bari sai kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba kwanson ya bushe ya yi ruwan ƙasa, a karyo a zuba a buhu a bubbuga a sheƙe, zaki ga 'ya'yan masu sheƙi da kusurwa-kusurwa. A wanke a shanya, a soya a kasko ba mai a wuta kaɗan ana juyawa har su yi duhu su fara ƙamshi kamar gahawa suna ɗan fashewa, suyar ce ke rage musu ƙarfin sa gudawa, ɗanyensu ba'a ci. Ƙaramin cokali ɗaya ya ishi kofi, kuma sa'i da lokaci, waɗanda na lissafa a sama su bar shi.

Su 'ya'yan nan kuɗi ne ma yanzu, 'yan kasuwa na saye buhu-buhu a kasuwannin hatsi irinsu Dawanau a Kano ana fitar dasu waje, a Indiya akwai masana'antun da ke cire wani gari daga cikinsu mai sa abu ya yi kauri, ana sa shi a abincin gwangwani na karnuka da kyanwa da wasu kayan ci, a Turai lambarsa E427, kuma sai an tace sinadarin gudawar nan kafin a yarda a sayar. Mata da yara a ƙauye suna samun na cefane da shi bayan girbi. In kin tara naki ki ajiye inda kaji baza su kai ba, kuma kar a bari ya gauraya da dusa ko hatsin da za'a ba dabbobi, don in ya yi yawa a abincinsu yana sa su zawo su rame, kaji su rage ƙwai, shanu ma yana taɓa musu naman jiki har su kasa tashi.